Dabarun Tafiyar Ayari a Tseren Keke

Duk wanda ya taɓa hawa keke daga Babura ya nufi gabas da hunturu ya san cewa iska ce babbar abokiyar gabar mai keke. A kan wannan iska aka gina dabarun tseren ƙwararru, irin su Tour de France da aka fara a 1903, da Tour du Faso na Burkina Faso da aka fara a 1987.

Mahayin da ya laɓe a bayan wani yakan yi tsimin kusan sulusin ƙarfinsa, domin na gaba ne ke keta iska. Shi ya sa mahaya kan cure wuri guda tamkar ayarin fatake, suna karɓa-karɓar jagora. In iskar ta bugo ta gefe kuwa, sai su jeru a karkace har faɗin titi ya ƙare. Wanda bai sami gurbi ba an bar shi ke nan, da wuya ya sake kamo su.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne rabon aiki. A Tour de France mahaya takwas ne a kowace ƙungiya, amma galibi mutum ɗaya ake yi wa hidima. Sauran barori ne: su tare masa iska, su ɗauko masa ruwa daga mota, in tayarsa ta fashe wani ya sauka ya miƙa masa nasa keken. Sukan ƙarar da ƙarfinsu kafin hawan dutse na ƙarshe, sannan madugu ya ɓalle. Shi ake sa wa rigar nan ruwan ɗorawa. Kuɗin lada dai, bisa al'ada, da barorin ake rabawa.