Motar Ƙawa A Ƙasar Ƙanƙara: A Tuƙa Ta Ko A Kulle Ta?

Da zarar watan Oktoba ya ja baya a ƙasashe irin su Kanada da Jamus da Suwidin da jihohin arewacin Amurka, sai wasu irin motoci su fara ɓacewa daga kan tituna. Su ne motocin ƙawa masu gudun tsiya, waɗanda aka ƙera da siffar motar tsere, gajeru, cikinsu na kusan shafar kwalta, irin su Porsche 911 da Chevrolet Corvette da Ferrari da 'yar ƙaramar Mazda MX-5. Masu su kan shigar da su gareji su lulluɓe su kulle, ba za a sake jin rurin injinsu ba sai wajen Afrilu. Wasu kuwa suna ganin wannan asarar wata biyar ce a kowace shekara, don haka sukan sauya taya su ci gaba da hawa abinsu cikin dusar ƙanƙara.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da wannan gardama, mu da hunturunmu bai wuce hazo da kaushi ba. Da ruwanmu kuwa, domin da yawa daga cikin motocin da ke yawo a Kano da Kaduna da Maraɗi sun yi ƙuruciyarsu ne a waɗancan ƙasashe, kuma duk abin da sanyin can ya yi musu, da shi suke isowa gare mu.

Abu na farko da ke raba motar ƙawa da lokacin sanyi shi ne taya. Ana sayar da irin waɗannan motoci da tayoyin bazara, masu faɗi, waɗanda robarsu ke kama kwalta sosai idan ta ɗauki zafi. Amma da zarar yanayi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, robar takan fara ƙandarewa, riƙonta ya ragu ko da titin a bushe yake. Idan sanyi ya yi tsanani ƙasa da sifili, tana iya tsattsagewa. Ga shi kuma yawancin motocin nan tayoyin baya ne ke tura su, injin na da ƙarfin da ya wuce kima, tazarar da ke tsakanin cikinsu da ƙasa ba ta kai taƙi guda ba. Direba ya ɗan taka totur a kan kwana mai santsi, sai bayan motar ya juyo ya zama gaba.

Na biyu shi ne gishiri. Hukumomin hanya a waɗannan ƙasashe suna barbaɗa gishiri a kan tituna don narkar da ƙanƙara, kuma Amurka kaɗai tana zuba kusan tan miliyan 20 a shekara. Gishirin na ceton rayuka, amma ruwansa na fantsama a ƙarƙashin mota, ya maƙale a lungunan shasi da bututun birki da salansa, ya yi ta cin ƙarfe a ɓoye. Har suna Amurkawa suka laƙaba wa jihohin da abin ya fi shafa, irin su Mishigan da Ohayo da Niyok, suna kiransu yankin gishiri. A 2015 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta rufe wani dogon bincike kan tsatsar bututun birki da shawarar cewa masu tsofaffin motoci su riƙa wanke ƙarƙashinsu. A 2016 kuma kamfanin Toyota ya amince da sulhun da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 3.4 kan tsatsar shasin motocinsa Tacoma da Tundra da Sequoia. Idan gishiri ya yi wa manyan motocin ɗaukar kaya haka, ina ga motar da ke rarrafe a cikinsa?

Na uku shi ne sanyin kansa. Batir kan yi rauni, baƙin mai ya yi kauri, iskar taya ta ragu. Batirin da ke cike da caji yana jure sanyi mai tsanani, amma wanda ya zube ruwan cikinsa na iya daskarewa har ya fasa shi.

Waɗannan dalilai ne suka sa masu ajiyewa ke ganin su ne da gaskiya, kuma dokokin ƙasashensu sun sauƙaƙa musu. A Jamus, tun 1997 ake bayar da lambar mota ta wani yanki na shekara, wadda aka rubuta watannin aikinta a jikinta. Mai lambar da ke ɗauke da 04 da 10 zai hau motarsa daga Afrilu zuwa Oktoba, ya biya haraji da inshora na waɗannan watanni kaɗai, sauran lokacin kuma haramun ne a ga motar a kan titin gwamnati, ko da a fake take. A Birtaniya ma mutum kan sanar da hukumar DVLA cewa ya ɗauke motarsa daga hanya, a dakatar masa da haraji.

Sai dai ajiye mota aiki ne mai zaman kansa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya san abin da yake yi yakan wanke motar ciki da waje da ƙarƙashi, ya bar ta ta bushe sarai. Yakan juye baƙin mai tun kafin ya kulle ta, domin tsohon mai na ɗauke da dattin da ke cin ƙarfen injin a zaune. Yakan cika tanki don kada raɓa ta samu wurin taruwa, ya zuba maganin da ke hana fetur lalacewa, musamman da yake fetur ɗin Amurka da Turai galibi gauraye yake da sinadarin itanol mai jawo danshi. Yakan ƙara wa tayoyi iska don kada gefen da ke ɗauke da nauyi ya baje, ya jona batir da ƙaramar na'urar da ke riƙe masa caji. Ba ya jan birkin hannu, saboda yana iya maƙalewa bayan watanni, sai dai ya sa waigi. Yakan toshe bakin salansa, domin ɓera na neman ɗumi kuma yana gaigayar wayoyi. Mayafin ma sai wanda iska ke ratsawa, don tamfol na tara gumi ya ɓata fenti.

Masu hawa kuwa hujjarsu tana cikin tarihi. Porsche 911 ta lashe gasar Monte Carlo, wadda ake yi a watan Janairu a kan duwatsu masu ƙanƙara, sau uku a jere: Vic Elford a 1968, sai Björn Waldegård a 1969 da 1970. Injinta a baya yake, nauyinsa na danne tayoyin da ke tura ta, abin da ke ba ta riƙo a kan santsi. A 1980 Audi ta fito da Quattro mai jan ƙafa huɗu, ta sauya tunanin masu ƙera motocin gudu. Har yau kamfanonin motoci na kai sababbin ƙirarsu garin Arjeplog na arewacin Suwidin don gwaji a kan daskararrun tafkuna, Porsche kuma na koyar da tuƙin ƙanƙara a Levi ta ƙasar Finlan. A ganinsu, motar da aka gwada a irin wannan wuri ba ta da dalilin ɓuya a gareji, kuma injin da ke aiki kullum ya fi wanda ke kwance lafiya, tunda robobinsa ba sa bushewa.

Amma su ma da sharaɗi. Dole a sa tayoyin sanyi guda huɗu, masu taushin roba da ƙananan tsage-tsage, waɗanda ke ɗauke da tambarin dutse mai ƙololuwa uku da ɗigon dusar ƙanƙara. A lardin Kebek na Kanada wajibi ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Jamus, tun 2010 doka ta hana hawa titi mai ƙanƙara ba tare da su ba. Finlan da Suwidin sun yarda har da tayoyi masu ƙusoshi, waɗanda Jamus ta haramta don suna cin kwalta. Bayan taya, sai wanke ƙarƙashin mota a kai a kai, da shafa mata maganin tsatsa kafin sanyi ya shigo, da tuƙi cikin natsuwa, a ba motar gaba tazara mai yawa.

A nawa ganin, duka ɓangarorin biyu suna kan hanya, kowa da abin da ya zaɓi ya biya: ɗaya ya sadaukar da watannin jin daɗi, ɗaya ya sadaukar da kuɗin taya da wani abu na ƙimar motarsa. Wanda ke cikin haɗari shi ne na tsakiya, wanda bai ajiye ba kuma bai shirya hawa ba. Shi ne ke shiga gareji duk mako ya tayar da injin na minti biyar yana zaton alheri yake yi masa, alhali injin bai yi zafin da zai ƙone danshin cikinsa ba, sai ruwa ya taru a salansa da cikin mai, batir kuma ya yi asarar abin da bai mayar ba. Shi ne kuma ke ganin rana ta fito a watan Janairu ya fita shan iska da tayoyin bazara, ya manta cewa a kan gada da inuwar itatuwa akwai siririyar ƙanƙarar da ido ba ya gani. A nan maganar ta wuce ta dukiya, ta zama ta rai, nasa da na wanda ya ci karo da shi.

Wannan ne ya dawo da mu gida. Motocin da muke kira tokunbo ko 'yan Kwatano, waɗanda ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano, da yawansu daga Amurka da Kanada suke. Mai saye a nan yakan duba fenti da kujeru da yawan tafiyar da mota ta yi, ba kasafai yake durƙusawa ya leƙa ƙarƙashinta ba. Motar ƙawa kuwa ita ta fi kowace yaudara, domin sau da yawa tafiyarta kaɗan ce, jikinta na walƙiya, ga kyan ɗan maciji. Ƙarancin tafiya na iya nufin an kula da ita, yana kuma iya nufin ta shekara da shekaru a yashe, robobinta sun bushe, tankinta ya yi datti. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda da ita ake gano jihar da ta zauna da haɗarin da ta taɓa yi ta hanyar kamfanoni irin su Carfax. A jikin kowace taya kuma akwai alƙaluma huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. A duba har da irin tayar, domin tayar sanyi da aka bari a jikin mota ba ta jure zafin kwaltar Sakkwato a watan Afrilu, takan cinye da wuri, birki kuma ya yi tsawo a kanta.

Saboda haka duk wanda ya yi niyyar sayen irin wannan mota, ya tafi da bakanikensa, a ɗaga ta sama, a haska bututun birki da shasi da fitila kafin a yi maganar kuɗi. Wanda kuma yake da ita a gida yana killace ta don bikin sallah ko ɗaurin aure, ya sani cewa ƙurar hunturu da zafin bazara da ɓera ba sa ɗaga wa motar da ke zaune ƙafa. Ko dai ya hau ta tafiya mai nisa lokaci-lokaci har injin ya yi zafi sosai, ko ya ajiye ta bisa ƙa'idar da ma'abota ƙasar sanyi suka koya da tsada.