Fitilar Murjani: Yadda Ake Haska Wa Ɗan Teku A Cikin Ɗaki

Yau a filinmu na kimiyya za mu yi magana a kan wata sha'awa da ta yaɗu a Ingila da Amurka da Jamus, watau kiwon murjani mai rai a cikin akwatin gilashi. Akwatin ba babba ba ne, wani bai wuce cin galan 10 ko 20 na ruwan gishiri ba. Abin da ya fi wahalar da masu wannan kiwo kuwa shi ne fitilar da za su rataya a bisansa.

Da farko sai mu san abin da ake kiwon. Alhazan da suka bi ta Fot Sudan zuwa Jidda sun ga duwatsu masu rassa a ƙarƙashin ruwan Bahar Maliya. Waɗannan duwatsu gidajen wasu 'yan mitsi-mitsin dabbobi ne, kowace da bakinta da 'yan hannuwanta. A cikin naman jikinsu akwai wata irin gansakuka wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ita ce ke karɓar hasken rana ta sarrafa abinci kamar yadda ganye ke yi, sa'an nan ta ba mai masaukinta mafi yawansa. Masana sun daɗe suna gardama a kan wannan. Wani Bature mai suna Maurice Yonge, wanda ya jagoranci bincike a gaɓar Ostareliya a 1928 zuwa 1929, ya ga murjanin da aka tsare a duhu yana fitar da gansakukarsa, amma bai yarda ita ke ciyar da shi ba. Sai a 1958 Leonard Muscatine na Amurka da abokin aikinsa suka nuna, a jikin wata dabba 'yar uwar murjani, cewa lalle abincin yana ƙetarawa daga tsiron zuwa dabbar. Ashe ke nan fitilar akwatin nan ita ce akushin murjani. Jan murjanin da matanmu ke sawa a wuya kuwa wani iri ne dabam, na Bahar Rum, yana zaune a kogunan dutse masu duhu, ba ruwansa da haske.

To, wane irin haske? Ruwan teku yana tace hasken rana. Kafin a nutsa ƙafa 30, ja ya kusa ƙarewa, shuɗi ne ke ratsawa can ƙasa, kuma shuɗin ne gansakukar ta fi iya amfani da shi. Saboda haka ƙwan lantarki irin na ɗaki, mai haske rawaya-rawaya, ba zai wadatar ba.

A da, masu kiwo suna da hanya 2. Akwai fitilar halaid mai ƙarfi ƙwarai, amma tana da zafi, ƙaramin akwati kuwa nan da nan ruwansa ke ɗumama, alhali murjani yana son digiri 25 ko 26 ne a ma'aunin Selsiyas. Akwai kuma dogon ƙwai, wanda ke baza haske daidai wa daida, sai dai ƙarfinsa yana raguwa a hankali, dole a sake shi kusan kowace shekara. Abin da ya sauya al'amarin shi ne shuɗiyar ƙwayar fitila ta LED, wadda mutanen Japan 3, Akasaki da Amano da Nakamura, suka samar a wajen 1990, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Ba ta cin wuta da yawa, tana shekaru, kuma ana iya rage ta ko a ƙara. A ganina mai ƙaramin akwati ba shi da dalilin neman wata, in dai ya sayi wadda ake iya rage wa ƙarfi. Wadda ba ta da wannan, kome arharta, ya bar ta a kanti.

Wanda yake da tsohon murfi mai dogon ƙwai ba sai ya yar da shi ba. Sai a cire ƙwan da kayan wutarsa, a ɗaura farantin alminiyam mai haƙarƙari, a jera ƙwayoyin a kansa, shuɗi ya fi fari yawa. Farantin nan wajibi ne, gama zafin LED ta bayanta yake fita, in bai sami hanya ba ta mutu da wuri. A ƙara 'yar fanka in murfin rufaffe ne. A sa gilashi tsakanin ƙwayoyin da ruwa, domin feshin gishiri yana cin waya. Akwatin da ke rage ƙarfin wuta a ajiye shi waje, nesa da jiƙa. Ruwan gishiri da lantarki ba abin wasa ba ne, wanda bai iya ba ya kira mai gyaran wuta.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke yin hasara. Idon ɗan Adam ya fi ganin kore da rawaya, shuɗi kuwa dishi-dishi yake ganinsa. Sai mutum ya kunna sabuwar fitila, ya ga kamar akwatin ya fi da duhu, ya murɗa ta har ƙarshe. Murjanin da ya saba da tsohon ƙwai mai rauni sai ya sami kansa a tsakar rana farat ɗaya. Gansakukar ta sha hasken da ya fi ƙarfinta, ta fara fitar da abubuwa masu ƙona nama, dabbar kuwa ta kore ta. Cikin 'yan kwanaki sai a ga murjani ya yi fari fat kamar alli. Bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji, in ba a rage hasken ba kuwa mutuwar na tafe. Irin wannan farin ne ya sami tekunan duniya a 1998 da 2016, ko da yake can zafin ruwa ne ya jawo shi.

Maganin abin shi ne haƙuri da awo. Akwai na'urar da ke auna hasken da tsiro ke iya ci, ƙungiyoyin masu kiwo sukan ba da aronta. A ma'auninta, ranar tsaka a ƙasashe masu zafi takan kai 2,000 a bisa ruwa. Murjani mai taushi yana wadatuwa da 50 zuwa 150, mai ƙananan rassa masu tauri kuwa yana son 200 zuwa 350. Shi ya sa ake ɗora mai rassa a kan dutse can sama, a bar mai taushi a gindi. A fara da rabin ƙarfin fitilar ko ƙasa da haka, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako 3 ko 4, awa 8 zuwa 10 kullum, da agogo mai kunnawa da kashewa. In murjani ya fara koɗewa ko ya ƙi buɗewa da rana, a koma baya. In ya yi duhu-duhu kamar ƙasa, alama ce hasken ya gaza.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake haɗa ruwan tekun kansa.