Katangar Da Ke Tsakanin 'Yan Takara Da Ma'aikata A Shirin Big Brother Naija

A ranar 6 ga watan Satumba na 1990 da wani abu ba a san irin wannan sana'a ba a Nijeriya, amma a rana irin ta a shekarar 2020 an kori Erica Nlewedim daga shirin Big Brother Naija. Cikin laifuffukan da aka lissafa mata har da leƙen tagar kyamara da neman yin magana da ma'aikatan shirin.

Dalilin wannan tsauri na kuɗi ne. Kyautar da Laycon ya ci a shekarar ta kai Naira miliyan 85, kuma kamfanin MultiChoice ya ce an kaɗa ƙuri'a fiye da miliyan 900. Abin da ake sayar wa masu talla irin su Betway shi ne amincewar 'yan kallo cewa babu magudi. Da zarar an zargi mai ɗaukar hoto da tsegunta wa 'yar takara ra'ayin jama'a, ko da fifita ta saboda soyayya, darajar hajar ta faɗi. Shi ya sa ma'aikatan da ke shiga gidan suke rufe fuska, ba sa kuma cewa uffan.

Batun ya shafi ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano, Minna, masu koyon aiki a rediyon Search FM. Tun da aka dawo da ɗaukar shirin Legas daga Afirka ta Kudu a 2019, guraben aikin sun dawo gida, da sharuɗɗansu.