Daga Tromso Zuwa Svalbard Cikin Jirgin Sama

A can arewacin Turai akwai wata ƙasa, sunanta Norwe. A arewacinta akwai wani gari a bakin teku, ana ce da shi Tromso. In ka tashi daga nan ka miƙe arewa sosai, ba ka ganin kome sai ruwa, har ka isa waɗansu tsibirai da ake kira Svalbard. Babban garinsu Longyearbyen, mutanensa wajen 2,500 ne. An kafa shi a 1906 saboda haƙar kwal. Sanyin wurin ya wuce misali. Daga ƙarshen Oktoba har tsakiyar Fabrairu rana ba ta fitowa ko kaɗan.

Tsakanin garuruwan nan biyu wajen mil 600 ne, watau kilomita 960. Da akwai hanya ta tudu, mai tafiya a ƙasa da ke cin mil 20 kullum sai ya yi kwana 30 kafin ya kai. Jirgin ruwa mai cin mil 12 a sa'a yakan yi sa'a 50, kwana biyu ke nan da 'yan kai. Jirgin sama kuwa wajen sa'a 1 da minti 40 yake yi.

To, yaya ake sanin lokacin tafiya? Ga yadda ake lissafi. Ka ɗauki nisan, ka raba shi da gudun jirgin. Jirgin fasinja yakan ci mil 500 a sa'a. In ka raba 600 da 500, ka sami sa'a 1 da minti 12.

Watakila ka ce, ina sauran minti 28? Ka sani jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa. Sai ya bi fili a hankali, ya ɗaga, ya yi ta hawa, sa'an nan ya saki gudu. In ya kusa sauka kuma sai ya rage. Ga kuma iska. In tana bugun gabansa da ƙarfin mil 50 a sa'a, gudunsa ya koma 450, lissafin ya zama sa'a 1 da minti 20. In daga baya take tura shi, ya koma 550, lissafin ya sauka zuwa wajen sa'a 1 da minti 5. Shi ya sa zuwa da komowa ba su cika yin daidai ba.

Kada ka ɗauki lissafin nan abin wasa. Matuƙin jirgi da shi yake auna man da zai sha, har da wanda zai komo da shi in hazo ko guguwa sun hana shi sauka, gama babu wani babban filin jirgi kusa.

Dā, in hunturu ya shiga, ƙanƙara takan rufe teku, jiragen ruwa su daina zuwa, mutanen Longyearbyen su yi watanni ba mai shiga, ba mai fita. A 1975 aka buɗe musu filin jirgin sama mai aiki rani da hunturu. Asibitinsu ƙarami ne, saboda haka wanda ciwo ya tsananta masa a jirgi ake kai shi Tromso, mace mai ciki kuma takan haye teku tun haihuwa ba ta zo ba. Ka ga mutumin da dā sai ya jira ƙanƙara ta narke, yanzu ran da ya tashi ran nan yake ganin likita.