Kwaɗon Rabb na Panama: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A ranar 26 ga Satumba, 2016, wani kwaɗo da ake wa laƙabi da Toughie ya mutu a lambun tsirrai na birnin Atlanta a Amurka, kuma shi ne na ƙarshe da aka sani a jinsinsa, wato kwaɗon Rabb. Kwaɗon Rabb ɗan bishiya ne da a da yake zaune a dazukan duwatsun da ke kewaye da garin El Valle de Antón a ƙasar Panama, inda gajimare ke lulluɓe itatuwa. Yana da manyan tafuka masu fata a tsakanin yatsu, waɗanda yake bajewa ya sulalo daga saman bishiya zuwa ƙasa. Mace na zuba ƙwai a kogon bishiya mai ruwa, namiji ya tsaya gadi, har ya riƙa shiga ruwan 'ya'yan suna gurgurar fatar jikinsa su ci.

Masana sun gano shi a 2005, suka ba shi suna a 2008, amma tun a 2007 aka daina jin kukansa a daji. Annobar da ta fi gamawa da shi ita ce kitirid, wata ƙwayar cuta dangin funfuna da ta isa yankin a 2006. Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa da gishirin da jiki ke buƙata. Idan cutar ta lalata fatar, sai zuciya ta tsaya. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 ya danganta ta da raguwar jinsuna 501 na kwaɗi da danginsu, 90 daga ciki ana jin sun ƙare.

Wasu na cewa kare daji ya wadatar wajen ceton irin waɗannan kwaɗi. Kare daji wajibi ne, amma cutar tana bin ruwa, ba ruwanta da iyakar gandun gwamnati. Wasu kuma na ganin kiwon kwaɗi a killace ɓarnar kuɗi ce, tunda kwaɗon Rabb da aka kwaso daga daji aka killace bai tsira ba. Sai dai abin da ya faru shi ne an makara: kaɗan aka samu, ba a san yadda za a sa su hayayyafa ba, macen ƙarshe kuma ta mutu a 2009. Kwaɗon zinariya na Panama, wanda aka fara kwasa tun kafin annobar ta iso, ya ɓace daga daji amma har yau yana hayayyafa a gidajen namun daji.

Saboda haka ya kamata kuɗin ceto ya riga cuta zuwa: a binciki dazukan duwatsu, a koyi rayuwar kowane jinsi tun yana da yawa, a killace isassun maza da mata, a kuma sa ido kan cinikin kwaɗi tsakanin ƙasashe, wanda ke yaɗa cutar. Jinsin da aka fara nema bayan ya yi ƙaranci, da wuya a cece shi.