Abin da ya kamata ku sani game da zaren auduga a Najeriya

Kafin auduga ta zama atamfa sai ta bi ta gurza, kaɗi, saƙa da rini. A Najeriya, wajen kaɗi ne igiyar ta fi tsinkewa. Har gobe ana noman auduga a Katsina, Zamfara da Gombe, ana gurzarta a Funtuwa da Gusau, amma injinan da za su mayar da ita zare sun yi ƙaranci.

A da ba haka lamarin yake ba. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kaduna a 1957, wasu irin su UNTL da Arewa suka biyo baya, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata. A shekarun 1980 masaƙun ƙasar sun haura 150. Yau masu aiki ba su kai 30 ba, ita kanta KTL tun 2002 take rufe.

Rushe hukumar auduga a 1986 ya bar manomi ba mai ba shi ingantaccen iri, ba tsayayyen farashi. Sannan ga buhun leda da ake zuba auduga a ciki a gona. Silinsa guda in ya shiga zare ba ya kama rini, sai ya fito fari fat a jikin yadi, masu saye su karya farashi. Amma babbar cutar wutar lantarki ce. Injin kaɗi dare da rana yake juyawa, kuma masaƙar da ke ƙona dizal ba ta iya gogayya da atamfar Sin da ake shigowa da ita ta Kwatano har kasuwar Kantin Kwari.

Kasuwa kam akwai ta. Mutum sama da miliyan 200, ga anko, ga lefe, ga ɗinkin Sallah. Gwamnati ta amince da irin auduga mai jure tsutsa a 2018, Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala a 2019, faɗuwar naira tun 2023 kuma ta tsadar da kayan waje. Sai dai ta tsadar da sinadarin rini da kayan gyaran inji ma, rashin tsaro kuma ya raba manoman Zamfara da gonakinsu. A ganina, muddin ba a sama wa masu kaɗi wuta mai araha ba, sauran duk kame-kame ne. Maƙwabciyarmu Benin ta riga ta fara kaɗa audugarta a yankin masana'antu na Glo-Djigbé.