TUKUNYAR ƘASA KO TA ROBA? SHAWARA GA MASU SHUKA A BENAYEN ALƘAHIRA

Jama'a, tambayar da 'yan'uwa su ka fi kawo wa wannan takarda tamu tun da bazara ta kama ita ce, wace tukunya ta fi kyau a shuka ganye a cikinta, ta ƙasa ko ta roba? Wani ya ji sai ya ce wannan ƙaramar magana ce. Amma wanda ya san zaman Alƙahira ya san ba ƙarama ba ce. Yawancinmu, ɗalibai da 'yan kasuwa da masu iyali, daga Madinatul Bu'us har Ain Shams da Hayyul Ashir, a benaye mu ke zaune, ba mu da ko taku ɗaya na fili sai baranda ko kan soro. Ga shi kuma ganyen da mu ka tashi da shi ba duka a ke samunsa a kasuwa ba. Kuɓewa da lalo kam sai godiya, Misirawa na kiransu bamiya da mulukiyya. Zoɓorodo ma yana nan, su na ce da shi karkade, amma furen kaɗai su ke sayarwa. Ganyen yakuwa da rama da ɗanyen zogale kuwa, wanda ya ke so sai ya shuka abinsa.

Shuka a mazubi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A bangon ginin sarauniya Hatshepsut da ke Deir el-Bahari, tsallaken kogi daga Luksor, an zāna mutane ɗauke da itatuwan turare da saiwarsu cikin kwanduna, an kawo su daga ƙasar Punt. Yau wajen shekara 3,500 ke nan.

Kafin a zaɓi tukunya ya kamata a fara duban halin garin. Ruwan saman da Alƙahira ta ke samu a shekara duka bai wuce kamar inci 1 ba, alhali Kano ta kan sami fiye da inci 30. Watau abin da ka shuka ba shi da damina sai butarka. A watan Yuli da Agusta zafin rana ya kan kai digiri 35, wani lokaci ya haura 40. Tsakanin Maris da Mayu kuma ga iskar Hamasin mai zafi da ƙura. Saboda haka abu biyu ne ke kashe shuka a nan, ƙishirwa da dafewar saiwa.

TUKUNYAR ƘASA

Ita dai ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin ko wanenmu ya sha ruwan randa. Jikinta yana da 'yan ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa ya kan tsatso ta cikinsu, iska ta busar da shi, wannan bushewar ita ke janye zafi. Dalilin sanyin randa da tulu ke nan, shi ne kuma dalilin sanyin zir da ulla na Misirawa, waɗanda garin Kina ya shahara wajen gininsu. To, yadda ta ke sanyaya ruwa haka ta ke sanyaya saiwa. Iska kuma tana shiga, don haka da wuya saiwa ta ruɓe ko an cika ban ruwa. Tana da nauyi, iska ba ta kayar da ita da sauƙi.

Aibinta ma daga nan ya taso. Tukunyar da ke gumi ba ta riƙon ruwa. In ƙarama ce kuma tana cikin rana, da rani sai an ba ta safe da yamma, in an yi fashin kwana biyu shi ke nan. Sa'an nan ruwan da ya ke bushewa ya kan bar gishirinsa a baya, shi ne farin nan mai kama da kanwa da a ke gani a jikin tsohuwar tukunya. In ya yi yawa bakin ganye ya kan ƙone. Ga fashewa, ga wuyar hawa da ita bene na biyar ko na shida a gidan da ba shi da na'urar hawa.

Mai son saye ya nufi Fusɗaɗ, a tsohuwar Alƙahira, kusa da masallacin Amru ɗan Asi. Shi ne ya kafa garin a shekarar 641, kuma tun zamani mai tsawo unguwar ta yi suna da maginan tukwane, har yau kuwa su na nan. Masu sayar da dashe, watau mashtal, su ma su na ajiye ta. In za ka saya ka ƙwanƙwasa ta kamar yadda iyayenmu mata ke yi a kasuwa. In ta yi ƙara tas, lafiyayya ce, in ta yi dum, akwai tsaga. Ka duba ko akwai huda a gindinta. Wadda aka shafa wa ƙyalli ko fenti ta yi kyau ga ido, amma an toshe kafofinta, ba ta da sanyin da a ke nema. Sabuwa kuma a jiƙa ta cikin ruwa ta kwana, in ba haka ba ita za ta shanye ruwan shukar.

TUKUNYAR ROBA

Wannan baƙuwa ce. A Ingila a ka gano irin robar da a ke kira polietilin a shekarar 1933, 'yar'uwarta polifirofilin kuwa sai a 1954. Duk da haka yanzu ita ta cika kasuwa, gama tana da araha, ba ta da nauyi, ba ta kuma fashewa in ta faɗi. Babban amfaninta shi ne riƙon ruwa, domin jikinta ba ya tsatsa. Ga ɗalibin da ya ke fita da sassafe bai dawo ba sai magariba, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma araha ba ta ado. Baƙar roba in ta sha rana, ƙasar da ke jikinta ta gefen rana ta kan wuce digiri 50, saiwa kuwa tana fara lalacewa tun daga wajen 40. Shi ya sa za ka ga ganye ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe ta ke, mai shi ya zaci ƙishirwa ce ya ƙara ruwa, saiwar ta ƙarasa ruɓewa. Rana kuma tana cin roba, mai laushin ta kan bushe har ta riƙa karyewa a hannu. Maganin wannan shi ne a zaɓi fara mai kauri, ko a shafa wa baƙar farar ƙasa, ko a naɗe ta da buhu.

Da yawanmu ba sa sayen tukunya, bokiti ko jarka su ke yankawa. Ba laifi, in an huda gindin a wuri huɗu ko biyar. Sai dai a kiyaye, abin da za a ci kada a shuka shi a mazubin fenti, ko man mota, ko maganin ƙwari. A nemi wanda a ka zuba abinci a ciki. A gindin irin waɗannan a kan ga lamba cikin alama mai kusurwa uku, mai 2 ko mai 5 su ne a ka saba zuba abinci a cikinsu.

WACE GA WANE?

Lalo, alayyafo, na'ana'a da kuɓewa mashaya ruwa ne, farar roba ta fi dacewa da su. Barkono, ɗoɗɗoya da zogale ba sa son ƙasa ta zauna jagab, su kam ta ƙasa. Zogale yana da doguwar saiwa, sai tukunya mai zurfin ƙafa biyu, a riƙa datse kansa don ya yi rassa. Yakuwa da rama ba su da tsirfa, in dai mazubin babba ne. Waɗannan duk 'yan zafi ne, a shuka su daga Afrilu. Albasa da salak kuwa sai sanyi ya shigo, wajen Oktoba. Ko wace iri ka zaɓa, babba ta fi ƙarama, domin ƙasa mai yawa ba ta saurin zafi, ba ta saurin bushewa. Kada kuma a cika ta da laka zalla, tana daskarewa kamar bulo, a gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen taki, a ɗora tsingaro a kan hudar gindi.

Akwai wata dabara da ta haɗa amfanin biyun. A shuka cikin roba, a zura ta cikin ta ƙasa wadda ta fi ta faɗi, a cika tsakaninsu da yashi mai laima. Ta ciki na riƙe ruwa, ta waje na kare rana. Irin hikimar nan ce ta tukunya cikin tukunya wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

HAKKIN MAI GIDA DA MAƘWABTA

Nan ne mu ke son a kasa kunne sosai. Jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin mazubi mai cin lita 20 ta kan yi kamar kilo 30, ban da nauyin tukunyar. Guda goma sun kai buhun siminti shida. Gidajen haya da yawa tsofaffi ne, don haka kada a jibge su a tsakiyar soro ko a bakin baranda, a jera su jikin bango, a ɗora a kan bulo don kada laima ta ratsa rufin wanda ke ƙasa. Kada a aza tukunya a kan ƙarfen baranda ko bakin taga, ta roba iska na ɗauka, ta ƙasa in ta faɗo a kan mutum sai abin da Allah ya yi. A sa faranti a ƙarƙashi don kada ruwan laka ya ɗiga a kan shanyar maƙwabciya, amma a riƙa zubar da shi, kada ya zama gidan sauro. Kafin ka hau soro da kaya ka nemi izinin mai gida, ka kuma sanar da bawwab. Mu baƙi ne, in ɗaya ya ɓata ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi mutanen nan ne, gobe ɗan'uwa ya nemi haya a hana shi.

Shawararmu a taƙaice ita ce, wanda ya ke gida kullum kuma wurinsa na shan rana, ya sayi ta ƙasa. Wanda ba ya zama, ko yana can ƙololuwar tsohon bene, ya nemi farar roba babba. Wanda ya sami hali ya haɗa biyun. Masu irin yakuwa da rama da zogale kuma mu na roƙo su zo da shi taronmu mai zuwa a rarraba wa waɗanda ba su da shi. Allah ya sa wa abin da mu ka shuka albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.